Mas ɗin fuska na kwana: danshi ya samu, layukan goshi kuwa suna nan

Alkawari uku aka rubuta a jikin kwalbar: zai shayar da fata, zai kwantar da ita idan ta fusata, zai kuma rage ƙananan layukan da ke fitowa a goshi da gefen ido. Na yi makonni ina shafa shi har na fara hango ƙasan kwalbar, kuma ga abin da zan iya tsayawa a kai. Alkawarin farko ya cika shi fiye da yadda na zata. Na biyu ya cika rabi. Na uku kuwa sai an zauna an yi bayani, domin layukan fuska iri biyu ne, kuma iri ɗaya kawai irin wannan mai yake iya taɓawa.

Ga wadda ba ta taɓa gwadawa ba, wannan ba mas ɗin yumɓun nan ba ne da ake bari ya bushe a wanke, ba kuma na ƙyalle da ake mannawa na ɗan lokaci a cire ba. Shi ana shafa shi ne a ƙarshe, bayan an wanke fuska an gama duk wani shafe-shafe, a kwana da shi, gari ya waye a ɗauraye. Daga Koriya ta Kudu salon ya bazu zuwa sauran duniya. Wanda na saya yana da ɗan yauƙi, bai kai kirim kauri ba, ya kuma fi ruwa, ga sanyi idan ya taɓa jiki. A cikin kwalin an saka wani ɗan ƙaramin cokalin roba na ɗiba.

Fatata ruwa biyu ce. Kumatu da gefen baki a bushe suke, har wani lokaci su yi fari-fari su fara saɓa, amma karan hanci da tsakiyar goshi ba sa rabuwa da maiƙo. Idan na wanke fuska da sabulu na ɗan jinkirta shafa mai, sai in ji kumatun sun ɗaure, murmushi ma sai na ji shi a fata. A ɗaki mai na'urar sanyaya iska nake kwana, ita kuma tana tsotse danshin ɗakin kaf. Wannan ɗaurewar ta safiya ce ta kai ni ga sayen mas ɗin, ba layuka ba.

Ɗan kaɗan nake ɗiba, in ɗiga a kumatu biyu da goshi da haɓa, in murza a hankali a kan fata mai ɗan sauran lema. Da farko fuskar takan yi ƙyalli sosai, idan ka taɓa yatsa ya ɗan manne. Sai an ba shi kamar minti 20 zuwa 30 kafin a kai kai ga matashi, in ba haka ba rigar matashin ce za ta sha rabinsa. Bayan wannan lokacin sai ya lafa, ya bar wani siririn santsi a sama. Da safe, da zarar ruwa ya taɓa fuskar, sai ka ji yauƙin ya dawo a tafin hannu, alamar abin ya kwana a wurin bai gudu ba. Bayan na goge, na kan danna kumatu da ɗan yatsa. A da wurin yakan ɗan tattare, ka ga wasu siraran zane-zane sun fito sun jima kafin su baje. Yanzu fatar takan dawo nan take, da laushi, babu wannan ɗaurewar. Hoda ma ta daina taruwa a gefen hanci tana tona asirin bushewa. Tun safiyar farko na ga wannan, kuma bai ragu ba har yau.

Na so in san dalili, sai na juya kwalbar na karanta jerin abin da ke ciki. Ƙa'ida ce a Turai da Amurka a jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, sai waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba ne ake iya jerawa yadda aka ga dama. Ruwa ne na farko, gilisarin na biye da shi. Sinadarin hayaluronik, wanda aka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a gaban kwali, can tsakiyar jerin na same shi. Wannan bai ɓata min rai ba, domin gilisarin tsohon ma'aikaci ne mai arha da ba ya ba da kunya: yana jawo ruwa ya riƙe shi a saman fata, kuma ƙwayarsa ƙarama ce ƙwarai, nauyinta bai wuce dalton 92 ba a ma'aunin masana sinadarai, don haka yana ratsa saman fatar cikin sauƙi. Tun shekarar 2000 wasu masana fata suka nuna cewa abin da ya haura dalton 500 da wuya ya keta lafiyayyar fata. Shi hayaluronik, wanda Karl Meyer da John Palmer suka fara warewa daga ruwan idon saniya a Jami'ar Kolombiya a 1934, ƙwayarsa takan kai dalton dubu ɗaruruwa, har ta haura miliyan. Ma'ana yawancinsa a waje yake zama, ya riƙe ruwa a nan, ya ba da wannan cikar da santsin da ake ji. Aiki ne mai kyau, amma a sama yake yin sa.

Abin da ya sa nake ganin dare ne lokacinsa shi ne, fata tana zubar da ruwa ta hanyar tiriri dare da rana ba tare da mun sani ba, kuma wannan zubarwar ta fi yawa da daddare. Shingen da ke tare ruwan shi ne ɓawon can na waje, wanda kaurinsa a mafi yawan jiki bai wuce kashi 1 cikin 50 na milimita ba, matattun ƙwayoyin fata ne da wani kitse ya liƙe su, kusan rabin kitsen kuma seramaid ne. Sabulu mai ƙarfi da ruwan zafi da busasshiyar iska duk suna cin wannan kitsen. To mas ɗin yana ɗauke da daimetikon da sikwalen, masu shimfiɗa siririn rufi su hana ruwan da gilisarin ya jawo tserewa kafin asuba. Wannan rufin shi ne santsin da nake ji da safe. A gaskiya nan duk sirrin yake: a jawo ruwa, a rufe shi na tsawon awa bakwai ko takwas da ba a wanke fuska, ba a shiga rana, ba a goge gumi.

Batun kwantar da fata ya fi wuyar aunawa, musamman ga mu masu duhun fata. Tallan yana maganar rage jan fuska, mu kuwa fatarmu idan ta fusata ba lallai ta yi ja a gani ba. Ji ake yi: ɗan raɗaɗi, ƙaiƙayi, ɗumi a kumatu, daga baya kuma wurin ya yi duhu ya bar tabon da zai ɗauki watanni. Saboda haka da ji na auna, ba da madubi ba. A daren da na yi amfani da man da ke sa fata saɓa, wanda yakan bar min raɗaɗi a gefen baki, idan na bi shi da mas ɗin nakan tashi babu zafin. Akwai fantinol a ciki, ɗan'uwan bitamin B5, da ruwan ganyen sentela, tsiron da aka daɗe ana sa wa rauni a ƙasashen Asiya, kuma na yarda suna taimakawa. Sai dai ina kyautata zaton danshin kansa ne ya yi mafi yawan aikin, don fatar da ta ƙoshi da ruwa ba ta cika yin fushi ba.

Inda raina ya sosu shi ne turare. An saka masa ƙamshi, mai daɗi kuwa, amma turare yana cikin manyan abubuwan da ke haddasa borin fata a kayan shafa, kuma duk likitan fata zai faɗa maka haka. Ta yaya za a ce abu na lallashin fata ne, sannan a zuba masa abin da ya fi saurin tayar da ita, kuma a ce a kwana da shi? A lokacin da mura ta sa gefen hancina ya ɗan tsage saboda yawan gogewa, ina shafawa wurin ya ɗauki zafi, sai da na ɗauraye shi. A lafiyayyar fata bai yi min komai ba, amma ai mai lafiyayyar fata ba ita ce ke neman abin kwantarwa ba. Mai fama da ƙyasbi mai ƙaiƙayi ko fata mai saurin bori, ta nemi wanda aka rubuta babu turare, ta kuma fara gwadawa a ɗan wuri. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba da shawarar a shafa sabon mai a ƙaramin wuri kamar cikin gwiwar hannu, sau biyu a rana, kwana 7 zuwa 10, kafin a kai shi fuska.

Bari in ɗan ratse a nan, don abin yana damuna. Idan kika shafa wani mai ya kashe ƙaiƙayi da ƙuraje a dare ɗaya, fuskar ta yi haske cikin 'yan kwanaki, ki yi hattara da shi. Irin wannan saurin sau da yawa aikin sitiroid ne, wani magani mai ƙarfi da ake ɓoyewa a ciki, kuma ƙarshensa fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su dawo da ƙarfinsu. Mas ɗin kirki ba ya canza launin kowa. Nawa bai ƙara min haske ba, sheƙin ƙoshi da ruwa kawai ya ba ni, kuma hakan nake so.

An rubuta a shafa shi sau biyu ko uku a mako. Kumatuna suna iya ɗaukar sa kullum, amma goshi da haɓa ba sa so: idan ya yi yawa a nan sai ƙananan ƙuraje marasa baki su feso. Yanzu a busassun wurare nake cika shi, in wuce da ragowar yatsa kawai a kan masu maiƙo. Idan kuma an jibga mayuka da yawa a ƙarƙashinsa, yakan murmushe ya riƙa fita kamar datti idan an taɓa. Kwalba mai buɗaɗɗen baki ita ma ba ta burge ni ba. A yi amfani da cokalin, a wanke shi, a kuma duba ɗan hoton buɗaɗɗiyar kwalba da ke jiki, wanda ke nuna watannin da abin zai yi bayan an buɗe, kamar 6M ko 12M.

Sai layuka. Akwai siraran da bushewa ke kawowa, irin waɗanda ke fitowa a ƙarƙashin ido da saman kumatu, su yi ta sarƙewa da juna. Su kamar tsagewar ƙasa ne bayan ruwa ya janye, ana yayyafa ruwa sai su haɗe. Waɗannan mas ɗin ya shafe su kusan gaba ɗaya, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai, don su ne ke sa mutum ya yi kama da wanda bai yi barci ba. Amma da na ajiye shi na ɗan lokaci don in gani, cikin 'yan kwanaki suka fara dawowa. Aro ne ke nan, sai ana sabuntawa.

Ɗaya irin kuwa, layin da ya kwanta a goshina da biyun da ke gefen ido idan na yi dariya, suna nan inda na bar su. Sun ɗan yi laushi da safe, zuwa yamma sun koma yadda suke. Ba laifin mas ɗin ba ne, laifin tallan ne. Tushen waɗannan yana can ƙasa, inda kolajin yake, wato sinadarin da ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfi, shi kuma yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara tun mutum yana matashi, rana tana ƙara cinye shi, motsin fuska na kullum yana ninke fatar a wuri guda. Man da ke zama a sama ba ya isa can. Ko da an rubuta kolajin a jikin kwalba, ƙwayarsa ta kai dalton 300,000, babu ƙofar da za ta shige. Abin da aka tabbatar yana taɓa irin waɗannan layuka shi ne dangin bitamin A: tiretinoyin, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don ƙananan tamoji a 1995, da ƙaninsa retinol da ake samu ba tare da takardar likita ba. Su ma sai an yi watanni ana haƙuri, suna busar da fata a farko, kuma mai juna biyu ba ta amfani da su. Sannan man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama da haka, kowace safiya, duhun fata bai ɗauke wa kowa wannan ba. A nan ne ma na ga mas ɗin ya fi amfani: ga mai shafa retinol, shi ne ke rage mata bushewar da ke sa mutane da yawa su watsar tun ba a je ko'ina ba.

Ko ya cancanci a ware masa kuɗi daban? Na gwada man shafawa na yau da kullum mai gilisarin da seramaid, na bi shi da ɗan siririn basilin a kumatu, sai na tashi da laushi kusan iri ɗaya. Ba abin mamaki ba ne, basilin yana tare sama da kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke fita daga fata, babu abin da ya kai shi a wannan fanni. Bambancin a jin jiki yake. Basilin yana da nauyi, yana ɓata matashi, gashi yana manne masa, kuma a daren zafi ba na iya jure shi. Mas ɗin ba shi da nauyi, yana da sanyi, ana mantawa da shi a fuska, shi ya sa hannuna ya fi saurin kai wa gare shi.

Zan sake saye, amma ba wannan ba. Zan nemi marar turare, mai zuwa a robar matsawa, wanda gilisarin ke sahun farko a jerinsa kuma akwai seramaid a ciki. Wadda fatarta ke da maiƙo ko'ina, ko mai fama da ƙuraje masu ruwa, ba na jin tana bukatarsa, gara ta fara ganin likitan fata kafin ta ƙara wani rufi a kan fuskar.