Saƙo daga Balin: yadda Jamusawa ke mayar da shara gas

Yaya, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Allah ya sa zafin Gombe na bana ya zo da sauƙi.

Ka tambaye ni tsadar kaya a nan. Burodi da madara da dankalin Turawa suna da sauƙi idan aka auna da albashi. Naman halal sai a shagon Turkawa ko Larabawa, kuma ko kusa bai kai ragon Tike daɗi ba. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, wanda bai yi cefane ran Asabar ba ya kwana da haƙuri. Wuta ba a ɗaukewa, amma kuɗinta na cikin mafi tsada a Turai. In ka sayi ruwan roba sai a ƙara maka santi 25, ka mayar da robar a ba ka kuɗinka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shara. A nan biya ake yi a kwashe ta, kuɗin yana cikin lissafin haya. A tsakar gidanmu akwai mazubai kala-kala, mai ruwan ƙasa shi ne na ragowar abinci da ɓawon kayan miya. Tun 2015 doka ta ce a riƙa tara irin wannan daban. Motar hukumar shara ta birnin, BSR, tana kai shi wata masana'anta a unguwar Ruhleben da aka buɗe a 2013, wadda aka gina don ɗaukar kimanin tan 60,000 a shekara. Ana zuba shi a manyan tankuna da iska ba ta shiga, ƙwayoyin halitta su cinye shi su fitar da gas, wanda fiye da rabinsa mithen ne, wato iska mai kama wuta. A tace gas ɗin, motocin shara wajen 150 su yi aiki da shi. Abin da ya rage a tanki kuma taki ne, manoma ake kai wa.

Wannan mithen ɗin ita ce dai ke tashi daga kowace bola da abinci ke ruɓewa a ƙarƙashinta, ita ke sa wani juji ya yi ta hayaƙi ba wanda ya cinna masa wuta. A shekara 100 tana ɗumama duniya kusan ninki 28 na iskar kabon, a shekara 20 kuwa ya haura ninki 80. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgo a 2021 ƙasashe suka yi alkawarin rage ta da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030, har da Najeriya.

Kada ka ɗauka tsabar son tsabta ce ta kai Bajamushe nan. Gwamnati ce ta ɗaure abin ta hanya biyu. A 2000 ta yi dokar makamashi mai sabuntawa, ta ce duk manomin da ya samar da lantarki daga bayogas, wato irin wannan gas na ruɓaɓɓun abubuwa, dole a saya a hannunsa a kan farashin da aka yanke, har shekara 20. Da wannan tabbacin sai banki ya yarda ya ba da rance. Sannan daga 2005 aka hana binne sharar gida ba tare da an sarrafa ta ba. Yau akwai irin waɗannan tankuna sama da 9,000 a ƙasar, yawanci a gonaki.

Amma ba ko'ina abin ya yi kyau ba. A 2004 an ƙara wa masu noma amfanin gona don zuba wa tanki kuɗi, sai manoma suka koma shuka masara, ba don ci ba, don gas. Hayar gona ta tashi a wasu yankunan, har a 2012 aka ƙayyade yawan masarar da sabon tanki zai ci. Ni dai duk lokacin da na ga filin masara irin wannan daga tagar jirgin ƙasa, farashin buhu a kasuwar Gombe nake tunawa, raina ya sosu. Wannan ɓangaren kam kada mu kwaikwaya.

Ta wani wajen mun fi su. Tankin yana son ɗumi kusan digiri 37 zuwa 40, su sai sun ƙona wani kaso na gas ɗin don ɗumama shi saboda sanyi. Mu a watan Maris da Afrilu Allah ya hutar da mu. Kayan aiki ma ga shi a yashe: tumbi da jinin mahauta, kashin shanu a kara, ruɓaɓɓen tumatir da yalo a kasuwa, kashin kaji a gidajen gona. Kuma manomanmu tun kaka da kakanni sun san darajar takin bola, ba sai an yi musu wa'azi ba.

Inda za mu sha wuya shi ne ruwa, domin ana dama kashin shanu da ruwa kusan daidai wa daida, alhali a unguwanni da yawa daga 'yan garuwa ake saye. Ga leda, wadda ko a nan ita ce babban ciwon kan masana'antar. Shanun makiyaya kuma a daji suke kashi, babu mai bin su da bokiti. Saboda haka a ganina ba gida-gida za a fara ba. A fara da mahauta ɗaya da makarantar kwana ɗaya, inda ake dafa wa ɗaruruwan yara da itace, jiha ta yi yarjejeniyar sayen gas ɗin na shekaru masu yawa a rubuce. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ƙofar a buɗe take. Gwamnatin Gombe da ke shuka bishiyoyi a shirinta na 3G (Gombe Goes Green) ita ya fi kamata ta so a rage sare su.

In ka samu sarari ka leƙa mahauta, ka tambayar mini shanu nawa ake yankawa a rana da inda ake zubar da tumbin. Akwai wani injiniya ɗan Bauchi a nan da muke son mu yi lissafin girman tankin da zai isa. A gaida Hajiya, a ce mata man zafin yana hanya.