Wane zare ya fi dacewa da shirya duwatsun ado?

Sarƙa ta tsinke ana tsakiyar biki, sau da yawa laifin zare ne. Murjani da kiristal da tsakiyar gilas irin ta Masaga a Bida suna da nauyi, bakin hudarsu kuma yana da kaifi, yana cin zare sannu a hankali.

Don sarƙar wuya, babu kamar waya mai rufin nailan, wadda masu kayan ke kira taiga tel. Siraran silin ƙarfe ne marasa tsatsa aka murɗe wuri guda, sili 7, ko 19, ko 49. Mai 49 ita ce sarauniya: tana kwanciya a wuya kamar zare, ba ta saurin karyewa. Mai 7 tana da arha, amma da zarar ta lanƙwashe, tabon ya zauna ke nan. Kaurin milimita 0.38 ya ishi ƙananan duwatsu, 0.45 na matsakaita, murjani mai nauyi kuwa sai 0.6. Ba a ƙulla ta. Ki yanke da rarar santimita 10, ki shirya duwatsun, a kowane baki ki zura ta cikin ɗan bututun ƙarfe na matsi, ta bi ta maɓalli, ta dawo cikin bututun da duwatsu uku, sannan ki matse da filaya. Kafin matsin ƙarshe, ki lanƙwasa sarƙar ta yi da'ira. In kin matse tana miƙe, za ta sandare.

Zaren roba na abin hannu ne kawai, mai kaurin milimita 0.8 ko 1, a ja shi sosai kafin a zura. Zaren kamun kifi rana tana busar da shi, a bar wa masu koyo. Jigida da carbi sun fi son zaren nailan na ɗinkin takalmi, a ninka biyu.

Sai a yi hattara da algus. Ana iya naɗa mai sili 7 a kwarkwaron da aka rubuta 49, a sayar da tsada. Ki nemi guntu, ki ƙona bakinsa da ashana, ki warware silin: bakwai za su ƙirgu nan take, 49 kuwa sai ki ga kamar gashi. Wata wayar kuma ta jabu ce, gumi da humra suna sa ta tsatsa cikin rufinta, ta ɓata farin mayafi. Robar da ta daɗe a shago takan yi rawaya, in an ja ta sai ta tsage. Mai shagon da ya hana ki gwada guntu, ki wuce na gaba.