Siket ɗin mamianqun da na saya: ɗinki ya yi, zinaren ne ya ci amanata

Duk wadda ke zaune a birnin Xi'an na ƙasar Sin ta san yadda 'yan mata ke cika unguwar Datang da daddare cikin kayan gargajiyar nan na hanfu. Rigunan masu jan ƙasa ba su taɓa ɗaukar hankalina ba. Mamianqun ne ya shiga raina, siket ɗin da matan daular Ming suka yi yayi, wanda yanzu ake ɗora masa farar shat da takalmin kambas a tafi ofis. Tun rigimar 2022, lokacin da ɗaliban Sin suka yi zanga-zanga a Faris kan cewa kamfanin kayan sawa na Dior ya kwaikwayi ɗinkinsa bai faɗi asali ba, kasuwarsa ta buɗe.

Na yi odar nawa a wani shagon intanet na Caoxian, garin nan na lardin Shandong da ɗinkin hanfu ya zama sana'ar kowa. Baƙi ne, da dodanni da gajimare na ruwan zinare a gindi. Ranar da ya iso, wallahi na ji daɗi. Falle biyu ne a haɗe a ƙugu, gaba da baya a shafe, tattarar duk tana gefe, a tsaye cak. Ya sauka har idon sawu, ya zauna da hijabina, ga aljihu da suka ɓoye a ciki, abin da matan zamanin da ba su samu ba. Ɗaurin igiyar ma bai ba ni wuya ba, mai ɗaura zane ba a koya mata wannan.

Wanki ɗaya ya tona asiri. Da hannu na wanke, da ruwan sanyi, yadda takardarsu ta ce. Ina ɗagowa sai ga ƙyalli cike da baho, kan dodo guda ya goge. A tallar sun rubuta zhijin, wato zaren zinare da ake saƙawa cikin yadin. Na juya bayan yadin, fes, babu zare ko ɗaya. Bugawa kawai aka yi a sama. Da na tura musu hoto sai aka ce ai a wannan kuɗin kowa ya san bugu ne, za su mayar mini da yuan 10. Wannan amsar ta fi gogewar ƙona mini rai. In kowa ya sani, me ya sa aka rubuta saƙa? Kuna tinƙaho da kayan kakanninku, kuna faɗa da Turawa a kansa, sannan ku sayar da shi da ƙarya?

Kuma ga wani abu: in kin hau mashin ɗin lantarki gaban yana buɗewa, dole sai da wando a ciki.

Har yanzu ina sawa, don tattarar ba ta kwanta ba. Amma 'yar'uwa, kafin ki biya ki ce a ɗauko miki bidiyon bayan yadin. Shagon nan kam tauraro biyu na ba su.