Kuɗin gwamnati ko na 'yan kallo?

Mai shirya fim a Kano hanya biyu gare shi ta samun jari. Ɗaya gwamnati ce. Kuɗinta in sun fito suna da auki, a sayi kyamara mai kyau, a sallami ma'aikata a kan lokaci. Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na san wani marubuci da wani ofishi ya ɗauki nauyin fim ɗinsa, aka ce ya cire fitowar da yara ke layin ruwa da jarkoki, kada a ce ana zagin masu mulki. Ya cire, amma har yau abin na cin ransa. Alƙawarin ma ba tabbas: a 2016 aka soke shirin gina dandalin fim a garin Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai sun nuna adawa.

Ɗaya hanyar 'yan kallo ne. Da can 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke sayen fim, yanzu a YouTube ake sa shi. Kuɗin kaɗan-kaɗan suke shigowa, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano kuma tana nan tun 2001. Duk da haka labarin yana hannun mai shi. Ni wannan na zaɓa, ko da fim zai shekara ba a gama ba.