Bitar PGO a kwamfailar GCC: ƙarin sauri ba tare da taɓa rubutun manhaja ba

Kwamfailar GCC (kwamfaila ita ce manhajar da ke juya rubutun manhaja zuwa umarnin da kwamfuta ke iya aiwatarwa), wadda da ita ake gina mafi yawan manhajojin Linux, tana da wata dabara mai suna PGO (Profile-Guided Optimization, wato inganta manhaja bisa bayanan yadda take aiki) da masu gina manhaja da dama ba su cika waiwayarta ba, kuma a ganina suna tafka asara. A ginin da aka saba, hasashe kawai kwamfaila take yi game da sashen da zai fi shan aiki da kuma hanyar da manhaja za ta bi idan ta iso mararraba. PGO yana maye gurbin wannan hasashe da ƙidaya.

Da farko ana gina manhajar da umarnin -fprofile-generate, a sa ta aiki, ita kuma ta ajiye fayilolin .gcda masu ɗauke da adadin lokutan da aka bi kowace hanya, sannan a sake gina ta da -fprofile-use. A gini na biyu GCC tana jera sassan da ake yawan bi kusa da juna domin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta same su cikin hanzari, tana cusa ƙananan ayyukan da ake yawan kira a daidai inda ake kiransu, sauran kuma ta matse su ta tura gefe.

Manyan ayyuka sun daɗe da rungumar wannan hanya. Ana gina Firefox da Chrome da kwamfailar harshen rubuta manhaja na Rust da wannan dabara, kuma duk wanda ya gina Python da --enable-optimizations ya yi amfani da ita, ko ya sani ko bai sani ba. Harshen Go ya kammala shigar da tasa a sigar 1.21 ta shekarar 2023, inda masu kula da shi suka ce ana samun ƙarin sauri na kashi 2 zuwa 7 cikin 100.

Inda gizo ke saƙa shi ne aikin gwajin da ake ba manhajar. Duk sashen da ba a taɓa ba a lokacin gwaji, GCC tana ɗaukarsa a matsayin wanda ba a buƙata sosai, sai ta fifita ƙanƙantarsa a kan saurinsa. Saboda haka idan aka gwada manhajar matse fayiloli da rubutu kaɗai, alhali jama'a hotuna suke matsewa, tana iya fitowa da nawa fiye da da. Umarnin -fprofile-partial-training, wanda ya zo a GCC 10, yana rage wannan illa, kuma ina ganin ya kamata kowa ya san da shi tun kafin ya fara.

Lokacin gini ma yana ninkuwa, kuma bayanan da aka tara suna tsufa da zarar an sauya rubutun manhajar. Ga ƙaramar manhajar da mafi yawan lokacinta yake tafiya wajen jiran intanet, wahalar ta fi ribar. Amma ga kwamfaila, ko rumbun bayanai, ko manhajar shiga intanet da miliyoyin mutane suke buɗewa kullum, ina ba da shawarar a yi amfani da PGO, muddin an tanadi gwajin da ya yi kama da ainihin aikin masu amfani da ita.