Akwatin jera magani na mako: abokin mai ciwon damuwa, amma ba kowace ƙwaya ake zubawa ciki ba

'Yar robar nan ce mai gurabe a jere, kowane gurbi da murfinsa, an buga harafin rana a kai. Ana samunta a manyan kyamis da shagunan kayan asibiti, da kasuwannin intanet irin su Jumia, kuma ba ta da tsada. An fi ganinta a hannun masu hawan jini da ciwon suga, alhali mai shan maganin ciwon damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa ya fi su buƙatarta. Ciwon damuwa da kansa yana cin hankali da tunani. Mutum zai tsaya da katin magani a hannu da hantsi, ya rasa ko ya sha na safe ko bai sha ba. In ya ƙara, wataƙila ya ninka. In ya bari, wataƙila ya tsallake. Babban aikin akwatin shi ne raba wannan gardama: gurbin Talata ko dai wayam yake, ko ƙwaya na ciki.

Tsallake magani a wannan fanni ba ƙaramin abu ba ne. Magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline da amitriptyline ba sa aiki kamar Panadol. Sai an yi mako 2 zuwa 4 ana sha kullum kafin a fara jin sauƙi, wani lokaci har mako 6, kuma ko an warware ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 don kada ciwon ya dawo. Wanda ke sha yau ya bari gobe zai yi wata guda ya ce maganin ba ya yi masa, likita ya ƙara ƙarfi ko ya sauya, alhali maganin bai taɓa samun damar yin aikinsa ba. Wasu kuma, musamman paroxetine da venlafaxine, saurin fita suke daga jiki, kwana ɗaya ko biyu babu su sai jiri ya taso, da tashin zuciya, da munanan mafarkai, da wani abu kamar jan lantarki a ka. Mai shi sai ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru, ko a gida a ce iska ce.

Iri uku aka fi gani. Akwai mai gurbi 7, gurbi ɗaya ga kowace rana. Akwai mai 14, safe da dare. Akwai mai 28, wanda ya raba yini gida huɗu. Mai 7 ya ishi wanda ƙwaya ɗaya yake sha, amma da yawan masu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa suna da na safe da na dare: fluoxetine da safe saboda yana iya hana barci, amitriptyline ko olanzapine da dare saboda suna sa barci. Cuɗa su a gurbi guda shi ke sa mutum ya haɗiye na dare da safe, ya wuni yana gyangyaɗi a wurin aiki ko a kan babur. Mai 28 kuwa girma gare shi, ba ya shiga aljihu, kuma gurabe da yawa da babu komai a ciki suna rikita mutum. A bar wa tsofaffin da suka haɗa da maganin suga da na hawan jini. Mai 14 ne ya dace da yawancin mutane, kuma in an sami wanda kowace rana ake zare ta daban, ya fi. Mutum ya zare na Laraba ya sa a aljihu ya tafi kasuwa, ba sai abokan aiki sun ga tulin magani sun fara tambaya ba.

Aibi na farko a murfi yake. Haruffan Turanci ne, kuma akwai T biyu, na Talata da Alhamis, da S biyu, na Asabar da Lahadi. Ko mai ilimin boko yakan tsaya yana lissafi. Fentin ma goguwa yake bayan 'yan watanni. Gyaran mai sauƙi ne: a yanka takarda ƙanana, a rubuta Lit, Tal, Lar, Alh, Jum, Asa, Lah, da boko ko da ajami, a manna da salatif. Ga wanda ba ya karatu, a zana rana a layin safe, wata a layin dare.

Aibi na biyu ya fi girma, kuma masu sayarwa ba sa faɗa. Akwatin ba ya hana iska da danshi shiga. Katin da kamfani ya rufe ƙwaya a ciki kariya ce, da an ɓalle ta an cire mata riga. Sodium valproate, wanda ake ba masu farfaɗiya da masu larurar da ke ɗaga mutum sama da zumuɗi sannan ta jefa shi cikin damuwa, yana zuƙar danshin iska ya yi laushi ya manne. Carbamazepine in ya sha laima yakan taurare, ya ƙi narkewa yadda ya kamata a ciki, ƙarfinsa ya ragu. Nau'in olanzapine da ake sa wa a harshe ya narke, ko jiƙaƙƙen yatsa ya taɓa shi ya fara dagargajewa. Chlorpromazine kuma haske ke ɓata shi, ga shi yawancin akwatunan garau suke. A hunturu ba a cika ganin matsala ba. A watan Agusta, ɗaki na wari-warin laima, irin waɗannan ƙwayoyi na iya saurin lalacewa. Dabarar ita ce kada a ɓalle irin waɗannan: a sa almakashi a yanka katin ƙwaya-ƙwaya, a jefa kowace da rigarta a gurbi, a ɗan datse kusurwoyin don su shiga. Shi ya sa akwati mai zurfin gurbi ya fi siriri mai kyan gani. Sai dai ga tsoho mai raunin gani ko mai ruɗewa, wani ya ɓalle masa lokacin sha, don an sha samun waɗanda suka haɗiye ƙwaya da katinta.

Zafi ma haka. Kwalayen magani yawanci sun ce a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram bazara tana wuce 40. Gaban mota, bakin taga, kusa da murhu da banɗaki duk ba wurinsa ba ne. Cikin durowa a ɗakin da ya fi sanyi ya wadatar. Firji ba dole ba, yana ma jawo raɓa in an fito da shi.

Wajen cikawa, a tsayar da rana ɗaya a mako, a ce Juma'a da yamma. Hannu a bushe, a kan tire, takardar likita a gaba. A gama da magani ɗaya kaf a duk gurabensa kafin a buɗe na biyu; kuskure yana shigowa ne idan ana cika rana-rana da kati uku a buɗe. In an gama a ƙirga: mai shan ɗaya da safe biyu da dare, 21 zai gani. Kada a yar da kwalin, a nan suna da ƙarfi da ranar lalacewa da lambar NAFDAC suke, ga shi kyamis kan kawo maganin wani kamfani mai launi daban, farar ƙwaya ta koma rawaya, mutum ya zaci an sauya masa. Wata fa'ida da ba a lura da ita: ranar da maganin ya kasa cika mako, an san ya kusa ƙarewa tun da sauran kwanaki, sai a nemi asibiti kafin a yanke. Mai karɓar allurar wata-wata ya rubuta ranarta a takarda ya manna a ƙasan akwatin.

In an buɗe aka tarar da na jiya yana nan, ba a haɗa shi da na yau. A bar shi, a ci gaba da na lokacin, a gaya wa likita sau nawa hakan ta faru. Da azumi layin safe yakan koma sahur, na dare ya koma bayan buɗa-baki, amma likita ne zai tsara, musamman ga mai shan lithium, wanda ƙishirwa da zufa ke sa ya taru a jini har ya zama guba.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi: akwatin nan ba shi da makulli. Yaro ɗan shekara 2 zai ɓalle murfin, ƙwayoyin kuma kamar alewa suke. Amitriptyline kaɗan ya isa ya taɓa zuciyar ƙaramin yaro. Diazepam da benzhexol, wanda matasa ke kira Exol, sukan yi ƙafa a gidan da ke da mai shaye-shaye. Idan kuma marar lafiyar yana maganar ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, ko na mako guda bai kamata ya zauna a hannunsa ba. Wani babba a gida ya riƙe akwatin da sauran katunan a wuri mai kwaɗo, ya miƙa masa na lokacin kawai, a kuma kai shi asibiti a ranar, ba a jira ranar da aka ba shi ba.

Akwatin ba ya kira, sai an tuna da shi, don haka a haɗa shi da ƙararrawar waya ko a ɗaura shi da abin da ba a fashi, kamar sallar asuba da ta isha'i. Wajen saye a ɗauki mai gurbi 14, mai kaurin roba, mai ɗan duhu in akwai. Tun a shago a rufe murafen, a ji kowane ya yi ƙas, a kifa shi a girgiza. Maƙalar murfin ita ke fara karyewa, kuma da murfi ɗaya ya saki, maganin Litinin zai gangara cikin jaka. A wannan lokacin sabo ake saye, ba a ɗaure shi da roba.