Asibitin kuɗin da muke kai ƙanena mai jin muryoyi: ra'ayina tsakani da Allah

Ga masu neman inda za su kai ɗan'uwa mai taɓin hankali a nan Sakkwato, ga yadda na ga wani ƙaramin asibitin kuɗi da muke kai ƙanena. Ba zan kama sunan wurin ba don akwai ƙorafi a ciki. Likitan ƙwaƙwalwa ba kullum yake zama ba, shina da ranakunsa a mako, sauran ranakun nas ce da wani ma'aikaci ke duba masu dawowa karɓar magani. Kowa ya san babban wurin wannan lalura a jihar nan shi ne asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ma suna da sashensu, mu dai mun zaɓi nan ne saboda kusa da gida kuma Inna ba ta son doguwar tafiya da shi a mota lokacin da abin ke kansa.

Matsalar yaron ta fara ne da rashin barci da kulle kai a ɗaki, sannan ya fara cewa maƙwabcinmu ya sa na'ura a fankar ɗakinsa tana naɗar maganarsa, mai karanta labarai a rediyo ma wai da shi yake habaici. Abinci ba ya ci sai wanda ya ga an buɗe a gabansa. Munka kwance fankar munka nuna masa ba komai a ciki, ya ce ai sun ji muna zuwa ne sunka cire.

Abin da ya fi burge ni a wurin shi ne zaman da suke yi da dangi daban, ba mara lafiyan kaɗai ba. Likitan ya zaunar da ni da Inna ya yi mana bayani da Hausa tsantsa, ba irin turancin nan da za ka fita ba ka san me anka ce ba. Ya ce abin da ke damun yaron shi suke kira saikosis, wato mutum ya rabu da zahiri, ya ji murya ba mai magana, ko ya ga abin da babu, ko ya riƙe wani tunani gam wanda duk hujjar da ka kawo ba za ta motsa shi ba. Ya ce wani zai ce ana bibiyarsa, wani ya ce shi ne Mahadi ko shi ke da bankin ƙasa, wani kuma ya dage matarsa na cin amanarsa ba tare da ya ga komai ba. Kuma ba ƙarya suke yi ba, ba taurin kai ba ne, a wurinsu abin tabbas ne kamar yadda ka tabbata da sunan mahaifinka. Shi ya sa kwance fankar bai yi aiki ba.

Inna ta tambaye shi kai tsaye, "Likita, to ba aljanu ba ne ko sammu?" Na ɗauka zai yi mata dariya ko ya fara wa'azin boko. Bai yi ba. Ya ce, "Inna, yarda da aljanu ko sihiri ba shi ne ciwo ba, duk garin nan an yarda da su, ni ma Musulmi ne. Abin da muke dubawa shi ne tunanin da ya fita daga abin da mutanensa sunka sani, ya hana shi barci da ci da zuwa makaranta." Ya ce a ci gaba da addu'a da ruƙiyya, sharaɗinsa biyu ne kawai, kar a daina magani, kuma kar a bari kowa ya ɗaure shi da mari ko ya dake shi da sunan fitar da iska. Wallahi wannan amsar ita ta sa Inna ta yarda da wurin, da ya kushe mata malamai da ba za ta sake taka ƙafa can ba.

Sun kuma koya mana yadda ake magana da shi, kuma ni a ganina wannan kaɗai ya isa kuɗin kati. Kar ka yi musu da shi, kar kuma ka gaskata shi don a zauna lafiya. In ya ce an sa na'ura, ka ce ni dai ban gan ta ba amma na ga kana cikin tsoro, me zan yi maka ka samu natsuwa. Da farko abin ya yi min wani iri a baki, amma faɗan da muke yi kullum da dare ya ragu sosai.

Kafin su ba da magani sai da sunka yi gwajin jini da na fitsari, sunka yi ta tambaya kan wiwi da ƙwayoyi, da ko akwai mai irin wannan a dangi, da ko ya taɓa farfaɗiya ko zazzaɓi mai zafi. Likitan ya ce saikosis alama ce, sababinta da yawa, akwai sikizofiriniya, wata cutar ƙwaƙwalwa mai daɗewa, wadda a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kama kusan mutum 1 cikin 300 kuma ta fi farawa daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, akwai shaye-shaye, akwai wadda ke kama mace kwanaki kaɗan bayan haihuwa. Bai yi saurin liƙa wa yaron suna ba, wannan ma na yaba.

To sai ƙorafi. Maganin farko haloperidol ne, mai arha, amma ba wanda ya gaya mana zai iya sandarar da jiki. Rannan sai ga wuyan yaron ya karkace, harshe ya yi nauyi, yawu na zuba, Inna ta fasa kuka ta ce shi ke nan aljanun sun taso. Munka koma a guje, nas ɗin ta ce illar magani ce, anka ba shi benzhexol abin ya sake shi. Me zai hana a faɗa tun ranar farko? Wani gidan daga nan za su watsar da maganin su koma wurin boka. Daga baya anka mayar da shi kan olanzapine, wanda ya fi karɓarsa amma ya fi tsada, ga barci ga ci kamar gara, har sai da sunka fara auna masa nauyi da suga.

Kantin maganinsu kuma ba abin dogaro ba ne, yau akwai gobe babu, sai ka fita ka yi ta zagaye kemis a rana. Wurin jira ƙarami ne, fanka ɗaya, kuma mai ba da kati na kiran suna da ƙarfi tana tambayar "ya muryoyin?" a gaban jama'a. Haba! Garin nan kowa ya san kowa, kuma mun san abin da irin wannan ke yi wa maganar aure. Tun 2023 anka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma sirrin mara lafiya na cikin abin da ta tanada, ya kamata a ce teburin kati ma ya samu labari.

Maganin ba ya aiki dare ɗaya, barci ne ya fara dawowa, muryoyin sunka ragu bayan makonni, zargin maƙwabcin shi ne ya fi daɗewa. Yanzu in anka tayar da zancen sai ya ce "Yaya, a bar maganar nan," ya yi murmushi.

Zan ba da shawarar wurin ga wanda ciwonsa bai kai na kwantarwa ba, don ba su da gado na masu wannan lalura, in mutum na barazanar cutar da kansa ko wani su ma babban asibiti za su tura ku. Ku je da sassafe, ku je da wanda ya fi sanin yadda abin ya fara, ku ɗauki duk kwalayen maganin da ya taɓa sha, kuma kar ku fito sai kun tambayi illar kowace ƙwaya da abin da za ku yi in ta bayyana cikin dare.